Ina son in yi zurfi a niyurosaikoloji har in zama malamar jami'a: ta ina zan faro daga nan Kaduna?

Bilkisu, Unguwar Kanawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida malamai, likitoci da sauran 'yan uwa na wannan zaure, tare da neman afuwa idan bayanina ya yi tsawo.

Na kammala digirin farko a ilimin halayyar ɗan Adam shekara biyu da suka wuce, na yi hidimar ƙasa, yanzu kuma ina koyarwa a wata sakandare mai zaman kanta a nan cikin garin Kaduna. Abin da nake buri shi ne in ci gaba da karatu a niyurosaikoloji, wato fannin da ke nazarin yadda lalura a ƙwaƙwalwa ke sauya tunani, magana, riƙon abu da ɗabi'ar mutum, kuma in yi bincike a kan cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi masu daɗewa a jikin mutum, har in samu gurbin koyarwa a jami'a.

Ba haka kawai sha'awar ta zo mini ba. Ƙanena mai shekara 13 yana da sikila, kuma yana ɗan shekara 10 ya samu shanyewar ɓarin jiki. Cikin ikon Allah hannun da ƙafar suka dawo, bakinsa ya buɗe, aka sallame shi daga asibiti, kowa ya yi hamdala. Sai da ya koma makaranta muka gane cewa ba duka ne ya dawo ba. Yaron da a da yake cikin na gaba-gaba a aji ya zama ba ya gama kwafar abin da ke kan allo kafin a goge, idan aka aike shi sayen abu uku sai ya dawo da ɗaya, lissafi mai hawa biyu kuma yana tsayawa a hawa na farko. Malamansa suka ce sangarta ce saboda an lallaɓa shi lokacin jinya, wani kawunmu ya ce a nemi mai ruƙiya, a asibiti kuwa ana duba jininsa da tafiyarsa, amma ban taɓa ganin wanda ya zaunar da shi ya auna tunaninsa ba.

Tambayoyina su ne: shin dole ne sai na koma na karanta likitanci kafin in shiga wannan fanni? Idan ba dole ba ne, wane digiri na biyu ya kamata in nema, kuma akwai inda ake yin sa a ƙasar nan ko sai an fita waje? Wace cuta ce ta fi dacewa mutum ya gina bincikensa a kanta a yankinmu? Ta ƙarshe kuma ita ce wadda Babanmu yake yi mini kullum, ni ma kuma ban iya amsa ta ba: wannan karatun yana ciyar da mai shi kuwa? Allah Ya saka da alheri ga duk wanda ya ba ni lokacinsa.

Dakta Yahuza, Malali

Wa alaikumus salam. Malama Bilkisu, Allah Ya ba ƙanenki lafiya mai ɗorewa, Ya kuma sa wa niyyarki albarka. Na shekara fiye da 20 ina koyar da ilimin halayya, saboda haka zan amsa iyakar abin da ya shafi ɓangarena, in bar wa likitoci nasu.

Ba sai kin karanta likitanci ba. Likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi shi ke gano cutar, ya nemi hoto, ya rubuta magani. Likitan taɓin hankali yana kula da irin su tsananin damuwa da gushewar hankali. Shi kuwa masanin niyurosaikoloji aikinsa awo ne, ya zauna da majinyaci awa biyu ko uku, ya gwada riƙonsa, saurin tunaninsa, natsuwarsa, harshensa da iya tsara abu, sannan ya fayyace abin da ya taɓu da abin da ya tsira, da yadda za a yi amfani da wanda ya tsira a tallafi wanda ya taɓu. Brenda Milner, wadda ake ɗauka cikin waɗanda suka kafa fannin, ba likita ba ce. Da irin wannan zama na haƙuri ta nuna wa duniya, ta hanyar majinyacin nan da ake kira H.M., wanda aka yi wa tiyatar farfaɗiya a 1953 ya tashi ba ya iya ajiye sabon abu a ransa, cewa riƙon abin da ya faru daban, koyon aikin hannu daban, kowanne da sashensa a ƙwaƙwalwa.

Hanyar da ta fi sauƙin bi a ƙasar nan ita ce digiri na biyu a ilimin halayya na asibiti, wanda jami'o'i irin su Ibadan, Legas, Jos da Nsukka suke bayarwa, sai ki karkatar da kundin bincikenki zuwa ƙwaƙwalwa, ki kuma nemi horon aiki a inda ake ganin majinyata, kamar Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa ko asibitin koyarwa na Shika. Idan kina son digiri mai ɗauke da sunan fannin ƙarara, Jami'ar Kef Tawun da ke Afirka ta Kudu tana da shi. A Amurka kuwa ba a kiran mutum ƙwararre sai ya yi digiri na uku, ya yi shekara guda ta horo a asibiti, ya ƙara shekara biyu ta ƙwarewa. Wannan ɓangaren ba shi da wuyar fahimta, saboda haka ba zan tsaya a kansa ba.

Inda nake son in daɗe shi ne batun mudu. Duk mai awo da mudunsa yake taƙama, mu kuwa mudun da ke hannunmu ba a kasuwarmu aka ƙera shi ba. Ɗauki gwajin MoCA, wanda aka wallafa a 2005 kuma ake amfani da shi ko'ina don tantance raunin tunani. Maki 30 ne, wanda ya samu ƙasa da 26 ana zargin akwai matsala. A ciki ana so mutum ya haɗa lambobi da haruffan boko bi da bi, ya kwafi zanen akwati mai fuska shida, ya zana agogo yana nuna ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma, ya faɗi sunan zaki da karkanda da raƙumi daga zane, ya kuma jero kalmomin da suka fara da harafi guda cikin minti ɗaya. Ga wanda karatunsa bai wuce shekara 12 ba, sai a ƙara masa maki ɗaya tak. Na taɓa zama da wani dattijo alaramma, mahaddaci, wanda ya rubuta Alƙur'ani da ka, 'ya'yansa suka kawo shi saboda 'yar mantuwa da suka lura da ita. Ɗalibin da ya cika takardarsa ya rubuta sifili a gurbin shekarun karatu, domin bai yi boko ba, makin da ya samu kuma bai kai rabi ba. Bisa takarda, gigin tsufa ya ci ƙarfinsa. Amma da na ɗauko masa aya daga tsakiyar sura sai ya ci gaba ba gargada, ya lissafa mini wuraren da irin lafazinta ya maimaitu, ya kuma ba ni labarin bashin da ke tsakaninsa da wani mai hatsi har da ranar kasuwar da aka yi cinikin. Mutumin da yake ware lokutansa da Azahar da La'asar, watanninsa kuma da Rajab da Sha'aban, idan ya kasa zana agogon bango ko faɗin kwanan watan Bature, me muka auna? Ba ina cewa lafiyarsa ƙalau ba ne, domin haddar da aka yi tun ƙuruciya takan daɗe ko da cuta ta fara ɓarna. Ina cewa gwajin bai faɗa mana komai a kan wannan dattijon ba, ba alheri ba sharri.

Wannan ba sabuwar matsala ba ce. Alexander Luria, masanin Rasha da ya gina fannin a kan sojojin da suka ji rauni a ka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tun a 1931 da 1932 ya je ƙauyukan Uzbekistan ya gwada manoman da ba su yi makaranta ba. Idan ya ce musu a can arewa mai ƙanƙara duk dabbobin da ake kira beyar farare ne, gari kaza kuma yana can, to wane launi ne beyar ɗinsa, sai su ce ba su taɓa zuwa ba, kuma ba sa shaidar abin da ba su gani ba. Duk Bahaushen da ya zauna da dattawa ya san wannan amsa ta mai hankali ce, ta wanda ba ya son a kama shi da ƙarya, amma a takardar gwaji kuskure ce.

Har lambobi ma ba su tsira ba. Akwai gwajin da ake jero wa mutum lambobi ya maimaita, kuma an nuna tun 1980, a kan masu magana da harshen Welsh na yankin Wales a Birtaniya da kuma Ingilishi, cewa tsawon lokacin furta sunayen lambobi yana rage yawan waɗanda mutum zai iya riƙewa. To ki duba namu: huɗu, biyar, shida, bakwai, takwas, tara, kowanne gaɓa biyu ne, alhali yawancin na Ingilishi gaɓa ɗaya ne. Ga kuma halin garin Kaduna, inda za ki samu Bagwari, Bajju, Atyap, Bafulatani da Banufe suna jin Hausa sarai amma ba da ita aka yaye su ba, matasa kuma suna magana da Hausa amma lambar waya da Turanci suke karanta ta. Fassara kaɗai ba ta warware wannan.

Mutanen Ibadan sun riga mu a nan. A binciken gigin tsufa da suka fara a 1992 tare da masana na birnin Indiyanafolis da ke Amurka, wanda marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun yake cikin jagororinsa, sun yi aiki da gwajin da ke haɗa amsar dattijo da shaidar wanda yake zaune da shi, daga baya kuma suka fito da gwajin da ake shirya siffofi da tsinken ashana maimakon zane da fensir, saboda tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba kada a ɗora mata laifin da ba nata ba. Irin wannan aiki ne Hausa take jira, kuma a ganina duk wanda ya yi shi da kyau, ya tattara ma'aunin masu lafiya bisa shekaru da irin karatun da suka yi, boko ko allo ko Islamiyya, to ya kafa sunansa, domin duk mai bincike da zai zo bayansa sai ya ari mudunsa.

Dakta Hadiza, likitar yara

Ina yi wa Malam Yahuza godiya, kuma na yarda da kusan duk abin da ya faɗa, sai dai ina da ja a wuri ɗaya. Ranka ya daɗe, idan ɗaliba ta ce sai ta gama ƙera mudu kafin ta auna kowa, za ta iya tsufa a maƙera. Tattara ma'aunin masu lafiya yana buƙatar ɗaruruwan mutane, kuɗin mota, masu taimako da shekaru, kuma masu ba da tallafi sun fi sakin hannu idan suka ji sunan cuta. Shawarata ita ce ta zaɓi cuta guda, ta gyara gwaje-gwajen da cutar ke buƙata a cikin aikin.

Ƙanwata, cutar da kika zo da labarinta ita ce zan nuna miki. Babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu sikila. Adadin da aka fi ambata shi ne jarirai kusan 150,000 a kowace shekara. Binciken da aka yi a Amurka kafin a fara rigakafi ya nuna cewa kusan 11 cikin 100 na masu nau'in SS suna samun shanyewar ɓarin jiki kafin su cika shekara 20. Wannan shi ne wanda ido ke gani. Akwai kuma wanda ba ya gani, inda ƙananan wurare a ƙwaƙwalwa ke mutuwa saboda ƙarancin jini ba tare da hannu ko ƙafa sun saki ba, sai dai hoton cikin ƙwaƙwalwa na MRI ya nuna, kuma wannan yana samun fiye da yaro ɗaya cikin uku kafin shekara 18. Raunin yakan faɗa a can cikin farin sashen ƙwaƙwalwa ta gaba, inda jini ke isa a ƙarshe, shi ya sa abin da ke fara raguwa shi ne sauri, natsuwa da iya riƙe umarni mai hawa-hawa. Idan kika sake karanta abin da kika rubuta a kan allo da aike da lissafi, za ki ga kin riga kin siffanta shi. Tun da hoton MRI ya fi ƙarfin aljihun yawancin iyaye, gwajin tunani mai inganci da Hausa zai iya zama abin da zai fara nuna mana yaron da ya kamata a ƙara sa wa ido.

Kuma ba a kan fako za ki yi shuka ba. Tun 1998 aka tabbatar cewa idan aka auna gudun jini a jijiyoyin ka da na'urar TCD, aka samu ya kai santimita 200 a daƙiƙa, ƙarin jini a kai a kai yana rage haɗarin shanyewar jiki da kusan kashi 90 cikin 100. Ƙarin jini kowane wata ba abu ne mai yiwuwa ga yawancin mutanenmu ba, shi ya sa, don a gwada magani a madadinsa, aka gudanar da wani bincike mai suna SPRING a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, Asibitin Murtala na Kano da Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a nan Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka. An ba yara 220 maganin haidroksiyuriya, wasu miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyinsu, wasu 20, kuma sakamakon da aka wallafa a 2022 bai nuna bambanci tsakanin kason biyu wajen aukuwar shanyewar jiki ba. Abin da nake son ki ɗauka shi ne cewa a garinki akwai likitoci, ma'aikatan jinya da masu tattara bayanai da suka san yadda ake bin yaro shekara da shekaru, kuma tambayar da ke biyo bayan hana shanyewar jiki ita ce taki: yaya karatun yaron yake?

Idan sikila ta yi miki kusa da zuciya har kina tsoron ba za ki iya kallon ta da idon mai bincike ba, farfaɗiya tana nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ne ke da ita, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma har kashi 70 za su iya rabuwa da faɗuwa idan sun samu magani daidai. A wurinmu sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya hau ka, da wahalar haihuwa suna cikin masu haddasa ta. Yaron da ke da ita yana fama da abu uku a lokaci guda: cutar kanta, magani irin fenobabiton da ke iya sa nauyin kai ko rashin zama wuri ɗaya, da cire shi daga makaranta saboda camfin cewa yawunsa yana yaɗa ta, alhali ba a ɗaukar ta. Raba waɗannan ukun, a gane wanne ne ya ja karatunsa baya, aikin mai irin karatunki ne, ba nawa ba.

Game da ƙanenki kuwa, wanda ya samu shanyewar jiki sau ɗaya yana cikin haɗarin sake samu, don haka kada a yi wasa da ranar asibiti ko da yana gudu yana tsalle, kuma ku gaya wa likitansa batun makarantar da bakinku, domin idan ba a faɗa ba sau da yawa ba ma tambaya.

Nura, ɗalibin digiri na uku

Malamaina sun yi bayanin ilimi, ni kuma zan taɓa tambayar Baba, tunda ni ne har yanzu ke cikin ranar. Yaya Bilkisu, gaskiyar magana ita ce albashin farkon aikin jami'a ba ya kai mutum ƙarshen wata sai da dabara, kuma tsanin yana da tsawo: mataimakin malami, malami mai daraja ta biyu, ta ɗaya, babban malami, mataimakin farfesa, sannan farfesa, kowane hawa da shekarun jiransa da adadin maƙalun da ake nema. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma ya same ni ina tsakiyar tattara bayanai. Da aka dawo, wasu daga cikin majinyatan da nake bi sun sauya lamba, wasu sun koma ƙauye, biyu sun rasu. Duk tsarin da za ki yi, ki yi shi yadda zai iya rayuwa ko an rufe ƙofar jami'a, wato ki jingina shi da asibiti.

Tallafin ƙarin karatu na TETFund, asusun gwamnati mai tallafa wa manyan makarantu, ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ake ba, don haka sai kin shiga tukuna. Kafin nan ki sa ido a kan tallafin Commonwealth da na DAAD ta Jamus, da gajerun makarantun horo da ƙungiyar binciken ƙwaƙwalwa ta duniya, wato IBRO, ke ɗaukar nauyi a ƙasashen Afirka, ki kuma yi rajista da ƙungiyar masana kimiyyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya. Cibiyar binciken da Dakta Mahmoud Bukar Maina ya jagoranci kafawa a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu ta nuna cewa ana iya yin aikin ƙwaƙwalwa mai daraja a Arewa ba sai an yi ƙaura ba.

Abu biyu suka cuce ni, ba na son su cuce ki. Na farko, na biya kuɗi wata mujalla ta buga mini maƙala cikin kwana tara ba tare da an gyara ko waƙafi ba, ina murna, sai da na nemi tallafi a waje na gane cewa sunanta a takarduna ya rage mini daraja maimakon ya ƙara. Na biyu, na yi wata shida ina gwada majinyata a wani aiki na haɗin gwiwa, da maƙalar ta fito sai na tsinci sunana a sahun waɗanda aka yi wa godiya, ba cikin marubuta ba. Ban yi yarjejeniya a rubuce ba saboda kunyar manya. Ki yi taki tun ranar farko, cikin ladabi, amma a rubuce. Sannan ki koyi ƙididdiga da hannunki, ko da manhajar SPSS ko da ta R, domin wanda ya iya nazarin alƙaluma ba ya rasa mai neman sa, kuma daga nan ne ni nake samun abin cefane.

Bilkisu, Unguwar Kanawa

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara girma. Na karanta wa Baba amsar Malam Nura, ya yi dariya ya ce aƙalla an samu mai faɗin gaskiya. Zuciyata ta karkata ga sikila, amma maganar Malam Yahuza ta tsaya mini: idan babu ma'aunin yaran Hausawa masu lafiya, da me zan gwada sakamakon masu sikila har in ce sun yi ƙasa? Kuma ya halatta in fara da ƙanena, tunda shi ne a kusa da ni?

Dakta Yahuza, Malali

Hajiya Hadiza ta fi ni gaskiya a batun lokaci, na karɓa, kuma tambayarki ita ce inda maganata da tata suke haɗuwa. A matakin digiri na biyu ba ki buƙatar ma'aunin ƙasa baki ɗaya. Abin da kike buƙata shi ne rukunin gwadawa mai kyau, kuma mafi kyawunsa 'yan uwan majinyatan ne da ba su da cutar, waɗanda shekarunsu suka yi kusa. Tukunya ɗaya suke ci, unguwa ɗaya, galibi makaranta ɗaya, harshen gida ɗaya, saboda haka idan bambanci ya fito, zai yi wuya a ce talauci ne ko rashin malamai. Ta haka kina amsa tambayar cutar, kina kuma ajiye tubalin farko na ma'aunin da nake magana a kai, wanda za ki faɗaɗa a digiri na uku.

Kada ki ɗebo gwaje-gwaje da yawa. Biyar ko shida sun isa, waɗanda ba su dogara da iya karatun boko ba: jero sunayen dabbobi cikin minti ɗaya, maimaita lambobi gaba da baya da harshen da yaron ya saba ƙirga da shi, taɓa tubala bisa jerin da aka nuna masa, soke wata alama a cikin tarin alamomi don auna sauri, da koyon jerin kalmomi na abubuwan da kowane yaro ya sani, irin su tsintsiya, buta da akuya. Umarnin kowane gwaji mutum ɗaya ya mayar da shi Hausa, wani da bai ga asalin ba ya mayar da shi Ingilishi, a gwada, sannan ki jarraba shi a kan yara kaɗan ki ji inda suke tuntuɓe, domin Hausar littafi daban, ta yaron Rigasa ko Tudun Wada daban. Ki rubuta yawan jinin yaron da za ki gwada a ranar, ki tabbatar yana ji yana gani sosai, ki tambayi kwanakin da ya rasa a makaranta da irin makarantar, har da allo da Islamiyya, kuma kada ki gwada yaron da ke cikin ciwo ko wanda bai karya ba. Ba za ki taɓa ko yaro ɗaya ba sai kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin ya ba ki izini a rubuce, iyaye sun amince, shi ma yaron ya yarda. Wasu gwaje-gwajen kuma mallakar kamfanoni ne, sai an saya ko an nemi izini, don haka ki bincika wannan kafin ki rubuta su a tsarin aikinki.

Batun ƙanenki kuwa, a'a. Ba za ki iya hana fuskarki nuna masa ya yi daidai ko ya yi kuskure ba, shi kuma zai yi ƙoƙarin faranta miki ko ya ji kunyarki, kuma idan ya saba da tambayoyin a gida, kin lalata wa wanda zai gwada shi da gaske aikinsa. Ki nemi likitansa ya tura shi wurin masanin halayya na asibiti, a rubuto rahoto, ke kuma ki ɗauki rahoton ki kai wa shugaban makarantarsu da kanki. Abubuwan da za ki roƙa ba su da tsada: a zaunar da shi a layin gaba, a riƙa ba shi umarni ɗaya bayan ɗaya, a ƙara masa lokaci a jarrabawa, a bar shi ya kwafi darasi daga littafin abokinsa bayan an tashi, a kuma ƙyale shi ya sha ruwa ya fita bayan gida ba tare da an tsare shi da tambaya ba. Idan kin rubuta shafi biyu na abin da kike son bincikawa, ki sanya shi a nan kafin ki aika wa kowane malami, ni da Hajiya za mu duba miki.